Aron Baki

A Dukku, bayan an kwashe gero,
dila ya mai da garken Adda Jebbu kasuwarsa:
ɗan akuya ran Talata,
zabi biyu kafin Juma'a.
Gashi ya bar mata, da igiya, ta yi ta ƙirga.

Kawu Gidado ya zaro bindiga daga bayan rumbu,
ya auna albarushi da murfin kwalba,
ya dube ni ya ce,
"Haƙorina na gaba ya faɗi bara,
tun daga nan zomona ya daina mutuwa daidai.
Bakinka zan ara."

Kwana uku ina tsotsar bayan hannuna
har fatar ta tashi.
"Wannan ɓera ne. Sake."
"Wannan ƙyauren kwano ne mai son mai. Sake."
"Kai yaro, zomo ba don a yaba masa yake kuka ba.
Fara da ƙara, kamar ƙaya ta shige ka,
ka ja, ka yanke,
ka yi shiru har shirun ya dame ka,
sannan ka roƙa a hankali
irin roƙon wanda ya san babu mai zuwa."

Bappah ɗan maƙwabta ya kawo wayarsa,
wai da kukan zomo a ciki, na ƙasar waje.
Kawu ya kasa kunne, ya taɓe baki:
"Wannan zomon ya ƙoshi.
Dilan Dukku ma bai yi boko ba."

Mun fita bayan lisha, wata ya kwana goma sha biyu.
Muka ratsa karan dawa, muka hau fako,
muka jingina da suri a bakin kwari.
Kawu ya ɗebi ƙasa, ya sake ta a hankali,
ya ga inda ta nufa,
ya juya mu iska na dukan goshi.

Na yi kukan fari.
Mujiya ce kawai ta amsa.
Sauro ya sami wuyana, ban isa in mare shi ba.
Na yi na biyu.
Can ƙetaren kwari wani ya yi haushi, gajere,
kamar mai tambayar wane ne.

Ni gaba nake kallo. Kawu kuwa
ya riga ya karkata bakin bindiga gefe.
Malamin daji ba ya shiga ta ƙofa,
sai ya zagaya ya karanta iska tukuna.

Ga shi nan a gindin kalgo.
Ashe bai kai yadda nake zato ba:
kunnuwa a tsaye, ƙafa ɗaya a sama,
haƙarƙari ana iya ƙirgawa a farin wata.
Rabin jikinsa na bayan itace.
Kawu ya zungure ni da gwiwa: ƙara ɗaya.
Miyau ya ƙafe mini.
Na lasa hannu, gishiri da ƙasa,
na yi roƙon nan na ƙarshe,
ya fito fes, yadda bai taɓa fitowa a gida ba.

Taku biyu ya yi zuwa gare ni.
Ya yarda da ni.

Sai ƙara, sai hayaƙi, sai kunnena na dama ya toshe.

Ni na saɓo shi. Bai fi tulun da babu ruwa nauyi ba,
ɗuminsa na ratsa rigata har gida.
Adda Jebbu ta yi guɗa, ta dama mana fura da kindirmo,
Bappah ya haska waya yana ɗaukar hoto.
Muna cikin sha aka yi kira daga kwari,
dogo, aka jira, aka sake.
Kawu ya share gemu ya ce, "Matar ce. Sai jibi."

Jibin na ce leɓena ya tsage.
Ya duba, bai ga komai ba, bai ce komai ba.

Yanzu ina Gombe, ina gyaran babura a Jekadafari.
In na ji wayyo da tsakar dare a bayan layi
nakan tashi, in sa takalmi,
amma sai na tsaya a bakin ƙofa
na ji ta ina iska ke tahowa.